Ranar da Na Juya Kifi

Na fara zuwa Guangzhou ne da damina, shekara guda bayan Turawan Ingila sun bar Hong Kong. A lokacin na ɗan haura arba'in. Na ajiye aikin koyarwa tun da jimawa, ina da shagon kayan yara a kasuwar Sabon Gari a Kano. Da can Legas nake zuwa sari, daga baya na koma Dubai, har wata abokiyar sana'ata ta ce mini duk abin da muke ɗebowa a Dubai daga Sin yake fitowa, gara mu je can da kanmu. Muka tafi tare. Kwana biyu da saukarmu ta wuce wani gari neman takalma, ni kuma na tsaya a Guangzhou.

Kafin tafiyar na je yi wa mahaifiyata sallama. Inna muke ce mata. Na same ta a tabarma tana tsince shinkafa. Ta saurare ni har na gama, sannan ta tambaya:

"Ta ruwa za ki?"

"Ta sama, Inna. Wa ke tafiya ta ruwa yanzu?"

"Kayan fa?"

"Su kam ta ruwa za su zo. A kwantena ake sa su, sai su yi wata biyu a hanya."

Ta tsame wata 'yar tsakuwa ta yar. "To, su kaya ne," in ji ta. "Allah Ya tsare."

Na yi dariya, ita kuwa ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Inna ba haifaffiyar Kano ba ce. A Ankara ta ƙasar Gana aka haife ta, a zangon Hausawa. Mahaifinta falke ne mai fataucin goro. Abin da muka sani game da rasuwarsa bai wuce magana ɗaya ba: ruwa ne ya ci shi. Ba mu san wane ruwa ba, ba mu san ta yaya ba, kuma a gidanmu ba a tambayar babba abin da bai faɗa da kansa ba. Mun dai taso mun ga ba ta yarda mu je bakin kududdufi, ko da ya ƙafe da rani. Shekarar da makarantarmu ta kai ɗalibai ganin madatsar ruwa ta Tiga, ni kaɗai aka hana a ajinmu. In mota za ta hau gadar Wudil, sai ta sunkuyar da kai tana salati har a sauka. Mu muna ganin tsoron tsofaffi ne kawai, har mukan kwaikwaye ta in ba ta nan. Kuma ba ta cin goro, ita da ubanta ya rayu a kan goro.

A unguwar Xiaobei na sauka, a wani ƙaramin otal. Baƙar fata ba su da yawa a garin a lokacin. In na hau bas sai a yi ta kallona, wata ma ta taɓa miƙo yatsa ta shafa bayan hannuna ta duba. Wani ɗan Maraɗi mai ofis a benen Tianxiu shi ke haɗa mana kaya a kwantena, shi ne kuma ya koya mini 'yan kalmomin da ya ce sun ishe ni shiga kasuwa: in ce nihaw in na shiga, in ce shiyeshiye in zan fita, in kira mai shago lawban, in kuma na ji an ce meyo, to babu ke nan, in yi gaba.

Kullum da safe nakan hau tasi zuwa wajen tashar jirgin ƙasa, in zaga cikin kasuwar Baima, in fito in bi titin Guangyuan. A wani lungu bayan manyan benayen na sami shagon da na fi sabawa da shi. Mai shagon mace ce, sa'ata ko ta ɗan girme ni, gajeriya mai yankakken gashi. Tana jin ɗan Turancin da ta tsinta a wata masana'antar ɗinki ta mutanen Hong Kong inda ta yi aiki. Ina ce mata Lawban, tana ce mini Sista. Rigunan yaranta suna da ƙarko, kuma in ta ce kaya za su iso jibi, jibin suke isowa.

A can ƙuryar shagon mahaifiyarta ke zama a kan 'yar kujera, tana yanke zaren da ya saura a jikin riguna da ɗan almakashi. Kowa a lungun Apo yake ce mata, wato kaka. Ba ta sa takalmi a cikin shago. Yatsun ƙafarta a baje suke, ƙafafun sun ɗan gwame, in tana tafiya sai ta riƙa buɗe su kamar ƙasar tana motsi. Ta fi duk mutanen lungun duhun fata. Ranar farko ta kama hannuna ta jera da nata, ta faɗi wata magana. Lawban ta ce, "Wai kin sha rana kamar mutanen jirgi." Ban gane abin da take nufi ba, na yi murmushi kawai.

Wajen kwana na goma na tashi na tarar garin ya yi tsit, ba iska ko kaɗan, zafi kamar an rufe mutum a tukunya, sama ta yi wani ruwan ɗorawa. Da na isa shagon na ga Apo ba ta zaune. Ta fita bakin lungu ta dubi sama, ta dawo, ta sake fita. Sai ta ɗauko igiya ta fara ɗaure dilolin kayan da ke bakin ƙofa, tana jansu ciki ɗaya bayan ɗaya. 'Yarta tana yi mata faɗa, ita ko ta kanta ba ta bi ba. Na tsaya ina kallon yadda take ƙulla igiya, hannun tsohuwa amma ko dubawa ba ta yi.

Kafin azahar guguwar teku ta iso. Ban taɓa ganin ruwa irin wannan ba, yana zuwa a kwance kamar ana watso shi da bokiti. Allunan talla suka riƙa faɗowa. Nan da nan ruwa ya kai ƙauri a cikin lungun. Lawban ta ja ƙofar ƙarfe ta rufe rabi.

"Sista, meyo tasi," in ji ta. "Zauna."

Na shimfiɗa kwali a gefe na yi sallar azahar. Da na idar sai na ga Lawban ta kunna ɗan risho a bayan shago. Ta san ba na cin namansu, don ta sha ganina da biskit da kilishin da na taho da shi. Ta kira ni, ta wanke tukunya a gabana, ta nuna mini kwalbar man gyaɗa, da citta, da ganyen albasa, da wani kifi guda da ta sayo da safe. Ta turara shi ɗungurungum, da kai da wutsiya, ta dafa farar shinkafa. Muka zauna mu uku, faranti ɗaya a tsakiya a kan kwali. Su suna ci da tsinkayensu, ni aka ba ni cokali.

Muka cinye naman da ke sama har ƙaya ta bayyana. Sai na yi abin da kowace mace za ta yi a gidanmu: na sa cokali na juya kifin don mu ci ɗaya gefen.

Tsinkayen Apo suka faɗi ƙasa. Ta yi wata gajeriyar magana mai kaifi, ta dafa bakin farantin da tafin hannu kamar za ta hana shi karkata. Lawban ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Ba komai, Sista. Tsofaffi ne."

Na matsa mata ta gaya mini laifin da na yi. Ta ce mahaifiyarta daga mutanen jirgi ta fito, waɗanda ake haifa a kan ruwa su mutu a kan ruwa. Su ba sa juya kifi a faranti. Ƙayar ake ɗagawa a ajiye gefe, a ci na ƙasa. Wanda ya juya kifi, a wajensu, jirgi ya kifar.

Ni ba mai camfi ba ce, amma na san kunyar baƙon da ya ɓata wa mai gida rai a kan abincinsa. Na ba da haƙuri da duk yaren da na iya. Apo ta ɗaga mini hannu alamar ya wuce, sai dai ba ta ƙara kai loma ba. Muka zauna muna jin ruwa yana dukan ƙofar ƙarfe. Can sai ta fara magana, kuma ni take kallo, ba 'yarta ba.

Abin da zan faɗa yanzu ya biyo ta Turancin Lawban ne, wanda bai fi nawa yawa ba. Inda kalma ta ƙare mata sai ta ɗauki biro ta zana a jikin kwali. Mai yiwuwa na cike wasu gurabe da kaina, amma ban ƙara komai a kan ainihin abin ba.

A cikin jirgin katako aka haifi Apo, kamar uwarta da kakarta. Mutanen tudu ba sa aurensu, ba sa yarda su gina gida a cikinsu. Suna kamun kifi ne a inda kogin nan na Guangzhou yake shiga teku, tsakanin Hong Kong da ke hannun Ingilishi da Macau da ke hannun Fotugis. Guguwa tana kashe su, amma guguwa suna iya karanta ta tun daga nesa su gudu su fake. Abin da ba su da dabararsa shi ne manyan jiragen ƙarfe na Turawa masu hayaƙi, waɗanda ke hawa da sauka a wannan mashiga. Hanyar da jiragen ke bi nan kifi ya fi yawa. In hazo ya sauka a kan ruwa, ba ka ganinsu, su ma ba sa ganinka, kuma ba sa rage gudu.

Su biyar ne a jirginsu: uba, da uwa, da wanta, da ita tana da shekara goma sha uku, da ƙaninta ɗan shekara biyu. A al'adarsu yaron da ya fara tafiya ana ɗaura masa igiya a ƙugu a ɗaure a jikin sandar da ke riƙe da filafilan jirgi, don kada ya faɗa ruwa. Wata safiya hazo ya rufe ko'ina. Uwar tana hura wuta, ta ce wa Apo ta ɗaure yaron.

A nan Lawban ta daina fassara. Ta juya ta yi wa uwarta wata tambaya, uwar ta amsa, ta sake tambaya da ƙarfi, uwar ta maimaita amsar a hankali. Na ga fuskar Lawban ta sauya. Ta tashi ta je bakin ƙofa ta tsaya tana kallon ruwa, ta daɗe, sannan ta dawo ta zauna.

"Wannan ban taɓa ji ba," in ji ta. "Yau na fara ji, tare da ke."

Ashe yaron ya koyi kwance ƙullin da aka saba yi masa. Sau biyu ana kama shi a bakin jirgi. Saboda haka a ranar Apo ta yi masa ƙullin da ubanta ke yi wa anga, ƙarfen da ake jefawa ruwa don jirgi ya tsaya, wanda ba ya kwantuwa sai da wuƙa ko da natsuwa. Ta ja ta tabbatar ya kamu, har ta ji daɗin dabararta.

Ba a jima ba suka ji ƙahon jirgin ƙarfe. Uban ya ɗauki farantin tagulla yana bugawa, wan ya kama tuƙi, amma a cikin hazo sauti ta ko'ina yake zuwa, ba su san inda za su kauce ba. Ta ce abin da ta gani kawai wani baƙin bango ne ya fito daga farin hazo, tsayinsa ya fi bene. Ya raba jirginsu biyu. Ta tsinci kanta a ruwa riƙe da katako, uwarta kusa da ita, wanta can gaba. Gefen da sandar take ya nutse da yaron. Uban ya sa wuƙa a baki ya nutsa. Ya fito ya shaƙi iska ya koma. Ya sake fitowa ya koma. Daga nan bai ƙara fitowa ba.

Jirgin ƙarfen ya ɗan rage gudu. Ta hangi mutane a sama sun leƙo, har da wani mai fararen kaya. Wani ya jefo taya mai yawo a ruwa, ta faɗi nesa da su. Sai jirgin ya busa ƙaho ya wuce. Wasu masunta ne suka tsamo su. Daga baya uwar ta kai kuka wani ofishin Turawa a Hong Kong, aka tambaye ta takardar jirgin da sunan jirgin da ya buge su. Takardar tana ƙarƙashin teku, sunan kuwa ba wanda ya iya karatu a cikinsu. Maganar ta tsaya a nan.

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Don dai kada in yi shiru sai na ce, "Ni ma kakana ruwa ne ya ci shi."

Lawban ta fassara. Apo ta gyara zama, ta fara jero mini tambayoyi. Kogi ne ko teku? Na ce ban sani ba. Masunci ne? Na ce a'a, ɗan kasuwa ne. Jirgi ne ya kife ko faɗawa ya yi? Ban sani ba. An ga gawarsa? Ban sani ba.

"Uwarki tana da rai?"

"Tana nan."

Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta faɗi wani abu. Lawban ta yi jinkiri kafin ta fassara, ina jin ma sai da ta rage masa kaifi. "Ta ce me kike jira?"

Bayan la'asar ruwan ya tsagaita. Na tattare zanina na bi ta cikin ruwa zuwa babban titi. Sauran kwanakin da na yi a garin na ci gaba da zuwa shagon, Apo na yanke zarenta, ba wanda ya sake ta da maganar.

Na yi mako guda da komawa Kano kafin na sami ƙarfin hali. Ko a ranar ma ban iya tambayar Inna kai tsaye ba. Bayan la'asar ce, ina shafa mata man zafi a gwiwa, sai na ce bari in ba ta labarin wata tsohuwa da na haɗu da ita a Sin. Na ba ta duka, tun daga kifin. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Yaron shekararsa nawa?"

"Biyu."

"Allah sarki." Ta janye ƙafarta ta rufe da zani. "A Ankara ba tashar jirgin ruwa a lokacin. Ke kin san wannan?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce babban jirgi can nesa yake tsayawa, sai a hange shi kamar akwati a kan ruwa. Mutane da kaya a manyan kwale-kwale ake kai su, da matuƙa fiye da goma, 'yan ƙasar, suna tuƙi suna waƙa. Wahalar duk a bakin gaɓa take, inda igiyar ruwa ke tasowa ta fi tsayin ɗaki ta fashe. Shugaban matuƙan yakan tsaya a baya yana ƙirga igiyoyin ruwan, in ya ga sarari sai ya yi tsawa a danna. Mahaifinta ya bi wannan hanya sau da yawa. Yakan sayo goro a Kumasi, ya sake masa ganye, ya kai shi Ikko ta teku, daga nan jirgin ƙasa ya kawo shi Kano. Ita Ikko take ce wa Legas har ta rasu.

"Shekarar nan ya ce mun isa komawa gida gaba ɗaya. Ina da shekara goma. Ya ce mu jira a bakin ruwa ni da mahaifiyata, shi zai fara shiga da huhunan goro ya ga inda za a jera su, don goro ba ya son ruwan gishiri, ba ya son zafin inji. Mu sai mu biyo a kwale-kwale na biyu. Ya sa babbar rigarsa ya naɗa rawani, tunda gida za shi."

Ta ce sun haye igiyar ruwa ta farko, sun haye ta biyu. Ta uku ta ɗaga kwale-kwalen tsaye ta kifar da shi.

"Matuƙan suka riƙa ɓullowa ɗaya ɗaya. Su ruwa gidansu ne. Biyu daga cikinsu suka koma suna nutso. Ba zan ɗauki alhakinsu ba, sun nema. Amma Malam, mahaifina, bai iya ruwa ba, ga riga ta sha ruwa. Na hangi farin abu sau ɗaya, na ce ga shi can, ashe rawanin ne."

Ta ce abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne aiki bai tsaya ba. Wani Bature mai riƙe da takarda ya dubi agogo, ya yi magana, sauran kwale-kwalen suka ci gaba da ɗaukar buhunan ƙwayar koko ta yin cakulan. Huhunan goron kuwa suka fashe, ruwa ya riƙa turo shi gaɓa, fari da ja, ya bazu a kan yashi. Yara da mata suka zo suna tsinta a bakin zani.

"Har da wani mutumin zangonmu, wanda ke cin abinci a gidanmu. Na gan shi ya ɓare ɗaya ya sa a baki. Ba mugunta ba ce, na san hankalinsa ba ya jikinsa. Amma na gani."

A rana ta uku ruwa ya fito da gawar can ƙasa da gari, masunta suka kawo labari, aka yi masa sutura a maƙabartar zango. Bayan an yi arba'in, ita da mahaifiyarta suka shiga irin wannan kwale-kwalen a wannan gaɓar, domin in ba ta nan ba sai tafiyar ƙasa ta wata da watanni. Mahaifiyarta ta lulluɓe mata fuska da mayafi ta danna kanta a cinya. Ba ta ga komai ba, waƙar matuƙan kawai take ji da ruwa yana jiƙa mata baya.

"Inna, me ya sa ba ki taɓa gaya mana ba?"

"Ba ku tambaya ba. Kuma da me za ku yi da shi?"

Da zan sake tafiya shekarar da ta biyo, ta buɗe akwatinta ta ciro wata atamfa da ba ta taɓa ɗinkawa ba, ta ce in kai wa tsohuwar. Ta kuma ba ni saƙo, ta sa na maimaita mata sau biyu. "Ki ce mata yarinya ce, aikin da aka sa ta ta yi, kuma ta yi shi da kyau. Da ta ɗaure shi sako-sako ya kwance ya faɗa ruwa, da wannan ma kanta za ta ɗora wa. Kwanansa ne ya ƙare."

Da na isa shagon, kujerar Apo ba kowa. Lawban ta ce ƙafafunta sun hana ta fitowa, tana gida, a gidajen da gwamnati ta gina wa mutanen jirgi a ƙetaren kogi tun da daɗewa. Ranar Lahadi ta rufe shago da wuri ta ce mu je. Na ɗauka ta gada za mu bi, sai na ga mun tsaya a layin jirgin fito. Ban taɓa shiga jirgin ruwa ba a rayuwata. Na kama ƙarfen gefe da hannu biyu ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, ga mutane da kekunansu da kwandunan kayan miya ko a jikinsu. Ruwan ja ne kamar na gulbi da damina, jiragen yashi na wucewa a hankali. Ko minti goma ba mu yi ba muka sauka.

Ɗakin Apo a hawa na huɗu yake, ƙarami, da busasshen kifi rataye a taga. Ta gane ni, ta kama hannuna ta zaunar da ni a bakin gado. Na ba ta atamfar. Ta warware ta a kan cinya, ta shafa, ta auna da kamu, ta ce za ta yi wando biyu. Sannan na ba ta labarin Inna a taƙaice, na faɗi saƙon. Lawban ta dube ni kamar tana tambaya ko lallai sai an faɗa. Na ce amana ce. Ta fassara.

Apo ta saurara tana kallon atamfar. Amsarta ba ta da tsawo.

"Ta ce ki gode wa uwarki," in ji Lawban. "Ta ce ita ma ta san haka, ta daɗe da sani. Amma har yau in ta ƙulla igiya sai ta koma ta duba ko za ta kwantu."

Sai Apo ta tambaya ko an sami gawar kakana. Na ce an samu, an binne shi. Ta tambaya ko Inna tana zuwa wajen. Na ce ba ta taɓa komawa ƙasar ba. Ta gyaɗa kai, ta ce duk da haka ta yi sa'a, ta san inda yake. Su nasu, sau ɗaya a shekara sukan je bakin kogi su zuba shinkafa da shayi a ruwa, su juyo.

Na kawo wa Inna wannan amsa. Ta ce, "Gaskiyarta." Bayan kwana biyu ta aiko a kira ni, ta ce in na koma in tambayi mutanen Gana da nake haɗuwa da su a can ko maƙabartar tana nan. Na tambayi wani dattijo ɗan zangon Ankara da ke zuwa ofishin ɗan Maraɗin nan. Ya yi ta tunani, ya ce tsofaffin maƙabartu biyu ya sani, ɗaya tana nan an kewaye ta, ɗaya gari ya cinye ta tun yana saurayi, kuma ba zai iya rantsuwa a kan wacce ce tamu ba. Na so in gaya wa Inna ta farkon kawai, amma na gaya mata yadda ya faɗa. Ta ce ba komai, duk ƙasar Allah ce, ta yi wa mahaifinta addu'a muka shafa.

Daga lokacin bakinta ya buɗe a kan Ankara. Ba ranar nan take maimaitawa ba, ƙananan abubuwa ne: dokunu, wato tuwon masararsu, da soyayyen kifi da ake sayarwa a ƙofar zango, da yadda Malam yake zaunar da ita ta tsince masa goron da ya fara ƙwari, da wata maƙwabciyarsu da ta koya mata ƙirga da yaren garin. Jikokinta suka riƙa zama suna ji, har ƙirgar suka haddace.

Apo ta rasu da sanyin shekarar. Sai da na koma na ji, Lawban ta gaya mini tana tsaye tana ninke riguna, sannan ta ɗauko samfurin sababbin kaya ta nuna mini. Da na dawo na faɗa wa Inna, ta tambayi shekarunta. Na faɗa mata. Ta ƙirga da yatsu, ta ce ashe Apo ta girme ta da kusan biyar. Sannan ta ce in miƙo mata buta, magariba ta kusa.